Malaman da aka kora saboda abin da suke koyarwa

Wannan damar da muke da ita ta ɗaga hannu a aji mu ce "Malam, ban yarda ba", wasu fa sun rasa aikinsu a kanta.

A watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wa ɗaliban ABU Zariya wuta, aka rasa rayuka. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye. Daga cikin abin da kwamitin ya fito da shi har da zargin cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. To da wannan zargi aka riƙa farautar malamai.

A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika da ya kusa shekara 18 yana koyar da ilimin zamantakewa a ABU, aka sa shi a jirgi sai Landan. A 1989 aka kori Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi, sai da kotu ta mayar da shi.

Kuma kar ku ɗauka a Arewa kawai abin ya tsaya. A 1987 Jami'ar Benin ta kori Dakta Festus Iyayi, shugaban ASUU na lokacin, a 1988 kuma soja suka haramta ƙungiyar. Ko bayan dawowar farar hula, a 2001 Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 a rikicin yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su. Shekara takwas fa kenan!

Ku duba sunayen nan da kyau: Bakatsine, ɗan Edo, ɗan Jamaika. Masu korar ba su tambayi ƙabilar kowa ba.

Shi ya sa idan lakcara ya zo da ra'ayin da ya saɓa wa wanda muka taso da shi, bai kamata mu fara da "a kore shi" ba. Mu shiga laburare mu karanta, mu dawo da hujja, mu yi musu cikin ladabi. Wallahi duk ƙofar da muka buɗe yau don a rufe bakin wani, gobe ta nan za a biyo a rufe bakin malamin da yake faɗin abin da muke so.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.