Lantana, Kafin Gilashi Ya Ci Kasuwa

Wanda ya ratsa rumfunan duwatsun ado a kasuwar Kurmi yau, gilashi da roba zai fi gani. A ƙarni na 19 kuwa, fataken Hausa ne ke safarar lantana, wani jan dutse mai tauri da ake haƙowa kusa da kogin Kwara, cikin Nijar ta yau. Ilori suke kai shi, inda gwanayen da suka baro tsohuwar Oyo bayan rushewarta a shekarun 1830 ke huda shi da tsinken ƙarfe, su goge, a sayar har Bini. Amma tun 1851 Barth ya iske duwatsun Turai a kasuwar Kano, kuma arahar irinsu na cikin abin da ya durƙusar da sana'ar Ilori a shekarun 1930.