Rawar da Ake Yi da Kunne: Tarihin Kulob na Manyan Ƴan Rawar Kusurwa Huɗu

Mutum 8 ne, bibbiyu, kowane biyu sun tsaya a gefe guda na murabba'i suna fuskantar tsakiya. Kiɗa na tashi, amma babu wanda ya san abin da zai yi nan da daƙiƙa 3. Wani mutum ne can gaba riƙe da makirfo yake faɗin sunan motsi, su kuma su aikata nan take, kafin su gama ya jefo wani. Wannan ita ce rawar da Amurkawa ke ce wa square dance, shi kuma mutumin ana ce masa mai kira. Abin da ya ja ni gare ta ba ƙafafun ba ne, bakin mai kiran ne. Rawa ce wadda sai ka iya harshenta kake iya taka ta.

Asalinta daga Turai ne, musamman rawar kadril ta Faransa wadda ta bazu a farkon ƙarni na 19. Mu da muka yi lakwal da Faransanci za mu gane sawun: motsin da suke kira do-si-do ba komai ba ne illa dos-à-dos, wato baya da baya, haka nan promenade da allemande suna nan daram a bakin mutanen da ba su jin ko bonjour. A Turai sai ka je wurin malamin rawa ka haddace jerin motsin. A Amurka ne aka fara kiran su da baki ana cikin rawa, kuma binciken Phil Jamison ya nuna cewa makaɗa baƙaƙen fata, da yawansu bayi, su ne farkon waɗanda aka rubuta suna wannan kira. Wannan ɓangare na tarihin an daɗe ana tsallake shi.

Rawar ta yi sanyi a birane, sai Henry Ford mai motoci, wanda ba ya ƙaunar kiɗan jaz, ya zuba kuɗi a shekarun 1920 don a farfaɗo da tsofaffin raye-raye. Bayansa Lloyd Shaw, shugaban wata makaranta a jihar Kolorado, ya bi ƙauyuka yana tattara kiraye-kiraye, ya buga littafi a 1939, ya kuma horar da masu kira. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu abin ya kama kamar wutar daji. An yi babban taron ƙasa na farko a 1952 a Kalifoniya, na 1976 kuwa ya tara mutum kusan 40,000.

To, a nan ne matsala ta taso. Kowane mai kira yana son a san shi da sabon motsi, sai ƙirƙira ta yi yawa. Kundin Burleson da ke tattara su ya haura kira 5,000. Ka koyi rawa a garinku, ka je wani gari, a yi kira ka tsaya kamar gunki. Shi ya sa masu kira suka kafa ƙungiyarsu, CALLERLAB, wadda ta yi babban taronta na farko a 1974, ta raba kiraye-kirayen mataki-mataki. Matakin gama-gari yana da kira wajen 70. Na gaba da shi, Plus, ya ƙara wajen 30. Daga nan sai matakin ƙwararru, A1 da A2, sai kuma na ƴan ƙure, daga C1 har C4, wanda shi na ƙarshen ba shi ma da jeri na hukuma. Mu ɗaliban ilimin harshe mun san sunan wannan aiki: daidaita harshe ne, irin wanda aka yi wa rubutun Hausa a taron Bamako na 1966. Kuma ya ci, don yau a Japan ko Jamus ko Suwidin da Ingilishi ake kiran, ɗan rawa ya sauka daga jirgi ya shiga layi ba tare da tafinta ba.

Kulob na ƙwararru daga wannan tsani ya fito, amma masu son wahalar sun riga tsanin. Tun 1967 Ed Foote ya fara shirya musu taron shekara-shekara, ya riƙe shi har 2000. A garuruwa da yawa babu mai kiran da ya iya matakinsu, sai mutum 8 su haɗu a ɗakin ƙasa na gidan wani, su sa kaset ɗin da aka naɗo a wurin wani taro, su yi ta maimaitawa, in an rikice a mayar da kaset baya. Kulob da dama haka suka faro.

Kuma kada a ɗauka bambancin yawan kalmomi ne kawai. A sama nahawu ne ke shigowa. Akwai kiran da shi kansa ba motsi ba ne, aikinsa ya canza ma'anar wanda ke biye da shi. In aka ce As Couples, mutum biyu sun zama mutum ɗaya, duk motsin da aka kira tare za su yi shi. Ana iya cewa a yi rabin motsi, ko kashi 3 cikin 4. A matakin C har da fatalwa ake rawa, wato a ƙaddara akwai wasu mutane a guraben da babu kowa, a kauce musu, a ba su hannu a zuci. Saboda haka mai kira na iya haɗa jimlar da ba a taɓa faɗa ba, mutum 8 su fahimce ta lokaci guda. Wanda ya zauna ajin ginin jimla ya san me wannan ke nufi.

Gudanar da kulob ɗin kuwa aiki ne na yau da gobe, ba shi da wani ado. Akwai biro: shugaba, ma'aji, da mai neman zaure. Kuɗin ƙofa da karo-karon membobi su ke biyan hayar zaure da ladan mai kira. Dare guda ana raba shi zagaye-zagaye, ana hutawa tsakani. Wasu kulob suna raba kati mai lamba, ko su bar wa kwamfuta ta rarraba mutane, don kada gwanaye su ware kansu su bar masu rauni a murabba'i guda. Ni a ganina wannan ita ce doka mafi hikima da suke da ita, domin a nan kuskuren mutum ɗaya yana rushe rawar mutum 7, kuma ɗan Adam bai iya ɓoye haushi ba. Lissafi ma ba ya tausayi: in mutum 15 suka zo, 8 ne za su taka, 7 su zauna kallo. In 7 suka zo, an yi asarar kuɗin zaure.

Babban ciwon kai shi ne kulob na ƙwararru ba ya haihuwa. Ba ya ɗaukar sabon shiga, sai wanda wani kulob ya riga ya raina shekara da shekaru. Su kuma na ƙasa suna ƙorafin ana kwashe musu gwanayensu, waɗanda ya kamata su tsaya su taimaki ɗalibai. Tun daga shekarun 1980 masu rawar ke raguwa suna kuma tsufa, ƙasan tsanin na rubewa.

Wani kulob na ɗalibai ya bi wata hanya. Tech Squares, na jami'ar MIT kusa da Boston, an kafa shi a 1967, Don Beck na cikin masu kiransa na farko. A hukumance matakin Plus yake rawa, amma membobinsa da yawa sun haura zuwa A da C. Abin da wasu ke koyarwa cikin shekara guda ko fiye, su a mako 13 suke gama shi, zangon karatu ɗaya ke nan. Ba a tilasta wa kowa bujen gargajiya ko rigar kaboyi, ba sai ka zo da abokin rawa ba, kuma ana koya wa kowa motsin daga kowane gurbi, ta yadda ma'anarsa za ka riƙe, ba inda ka saba tsayawa ba. Tsofaffin membobi suna shiga aji su cike murabba'i, ana ce musu mala'iku. Duk zango sai a buɗe sabon aji, saboda sun san ɗalibi baƙo ne: shekara 4 ya ɗauki takardarsa ya kama gabansa, wani kulob a wani gari ya gaje shi.