Takarda da Tawada a Ƙasar Jega: Tarihin Zayyanar Malamai

Wanda ya ke son sanin asalin zayyana a Jega da Aliero da Maiyama, wajibi ne ya fara da tarihin malaman wannan yanki. Kusa da nan ne Gimbana, mazaunin Malam Abdussalami, wadda rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa a ƙarshen 1803. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajen 1820, ba da daɗewa ba kuwa kasuwarta ta bunƙasa, fatake suna tafe da goro da gishiri da tufafi da takarda.

Takardar nan ba a ƙasar Hausa a ke yinta ba. Yawancinta daga Italiya ta ke fitowa, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetare Sahara bisa raƙuma. In an ɗaga ta ga hasken rana, sai a ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Saboda tsadarta, malami ba ya zubad da ko ƙyalle. Guntaye a kan rubuta wasiƙa ko laya a kansu, waɗansu kuwa a liƙe su bisa juna, a lulluɓe da fata, su zama tadarishi.

Sauran kayan aikin duka a gida da daji a ke samunsu. Alƙalami daga gamba a ke feƙe shi. Tawadar allo gawayi ne da ƙaro, domin ta wanku. Ta takarda kuwa, watau wadda ba a son ta goge, bagaruwa a ke jiƙawa da kashin maƙera. Da ja da rawaya a ke ƙawata alamun sumuni da rubu'i da nusufi da hizbi a gefen shafi, kowane marubuci da irin tasa da'irar. Wannan hannu ne kuma ya ke zayyana allon yaro ranar sauka.

Da littattafan ɗab'i suka yawaita a ƙarni na 20, sai masu wannan aiki suka ragu. Abin da ya saura yana cikin gafaka a zaurukan malamai, gara da laima suna cinsa. Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horo su tura ɗalibansu wurin dattawa, su rubuta yadda a ke haɗa kowace tawada da sunan kowane zane, tun masu sanin suna da rai.