Reno Ba Tare da Wariya Ba: Nazarin Shigar da Yara Masu Buƙatu da Asali Mabambanta Cikin Cibiyoyin Renon Yara a Galtimari, Maiduguri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda cibiyoyin renon yara da ajujuwan share fagen firamare a Galtimari, cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, za su iya karɓar yara masu lalurar nakasa, da masu harsuna mabambanta, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu ko iyayensu. An bi hanyar nazarin takardu, wato dokoki da manufofin ilimi da rahotannin hukumomi. Nazarin ya gano cewa dokokin da ake da su sun wadatar wajen tabbatar da haƙƙin yaro, kuma giɓin yana tsakanin abin da aka rubuta da abin da mai reno ta iya yi da yaron da ke gabanta. Maƙalar ta tsaya a kan cewa horar da mai reno da tallafa mata shi ne aikin da ya kamata ya zo farko.

Muhimman kalmomi: renon yara, nakasa, harshen uwa, gudun hijira, Galtimari

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ko mene ne yanayin jikinsa ko harshensa ko asalinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta ƙarfafa wannan a sashe na 24. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 a duniya, wato ɗaya cikin goma, suna da wata lalura ta nakasa.

Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan batu a Nijeriya ya fi karkata ga firamare da sakandare. Shekarun da suka gabaci firamare ba su samu kulawar da ta dace ba, alhali a cikinsu ne harshe ke kafuwa, kuma a cikinsu ne gano matsala da wuri ya fi amfani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayar wannan nazari ita ce: me cibiyar renon yara a unguwa irin Galtimari take buƙata domin kada ta mayar da wani yaro daga bakin ƙofa, kuma kada ta bar shi a gefe bayan ya shigo?

2.0 Dabarun Bincike

An tattaro bayanai daga rukunin takardu uku: dokoki da manufofin tarayya da na Jihar Borno, da rahotannin hukumomin lafiya da na agaji da suka yi aiki a arewa maso gabas, da nazarce-nazarcen harshe. An auna su da ma'aunin kulawa mai raya yaro wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018. Ma'aunin yana da ginshiƙai biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro da kariya, kulawar da ke amsa buƙatar yaro, da damar koyo tun da wuri. Kalmar cibiya a nan ta haɗa da makarantun nazare masu zaman kansu, da ajin share fage na firamaren gwamnati, da ajin ƙanana na Islamiyya, da makarantar allo, domin a duk waɗannan wurare ake barin ƙananan yara a hannun wani babba.

3.0 Farfajiyar Bincike

Galtimari tana cikin mazaɓar Bale Galtimari, a maƙwabtaka da Fori da Barikin Giwa, a ɓangaren birnin da Kogin Ngadda ya ratsa. Abubuwa uku ne suka sauya fuskar unguwar. Na farko shi ne rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a Yulin 2009, wanda ya iso bakin ƙofar mazauna yankin lokacin harin Barikin Giwa ranar 14 ga Maris 2014. Na biyu shi ne kwararar 'yan gudun hijira daga Bama da Konduga da Gwoza da sauran garuruwa. Mafi yawansu cikin unguwanni suka zauna, a gidajen 'yan uwa ko na haya, kuma rufe sansanoni irin Bakassi a 2021 da Dalori a 2022 ya ƙara tura wasu iyalai cikin gari. Na uku shi ne ambaliyar 10 ga Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, wadda ta shafi Galtimari da Fori da Gwange.

Sakamakon haka, tabarma ɗaya a ajin ƙanana tana iya ɗaukar ɗan Kanuri da ɗan Shuwa da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Margi da ɗan Babur da mai jin Glavda ko Mandara daga tsaunukan Gwoza. A cikinsu akwai maraya, akwai wanda aka haifa a sansani, akwai wanda ruwa ya ci gidansu. A irin wannan wuri bambanci shi ne halin yau da kullum na aji, don haka duk tsarin da ya ɗauke shi a matsayin abin da ake samu jefi-jefi ya kuskure tun daga tushe.

4.0 Abin da Doka ta Tanada

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon yara ƙanana cikin ilimin tushe, ta kuma ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun tattara kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan bunƙasa yara ƙanana. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin tushe, ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10 da malama ɗaya ga yara 25 a nazare. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A Janairun 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanya hannu kan dokar kare yara ta Jihar Borno.

Haƙƙin yaro, ke nan, ya tabbata a rubuce. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ke koya wa mai reno abin da za ta yi da yaron da ya yi mako uku a aji bai ce uffan ba.

5.0 Sakamako da Tattaunawa

5.1 Shiru iri huɗu

Babban abin da nazarin ya fito da shi shi ne, matsaloli huɗu mabambanta suna bayyana da kama ɗaya a idon wanda ba a horar ba. Yaro ya yi shiru, ya koma bakin bango, ba ya amsa kira. Sau da yawa hukuncin da ake yanke masa shi ne “ba ya ganewa” ko “taurin kai gare shi”.

Shiru na farko na harshe ne. Yarinya 'yar shekara huɗu da ake yi wa Glavda a gida tana jin Hausa a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a nazare. Binciken da ƙungiyar Translators without Borders ta yi a sansanonin yankin Maiduguri a 2017 ya nuna cewa fahimtar saƙonnin Hausa da Kanuri ta fi rauni a wurin matan da ba su yi karatun boko ba kuma waɗannan harsuna ba na uwa ba ne a gare su. Irin waɗannan matan su ne iyayen da yawa daga cikin yaran. Manufar harshe ta tarayya ta yi ta sauyawa: a 2022 aka amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 aka sanar da komawa Turanci. Ko wace manufa ke aiki, yaron da ke son zagayawa ko ke jin ƙishirwa yana buƙatar babban da zai ji shi da harshen da ya iya.

Shiru na biyu na kunne ne. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da ba a yi wa magani ba suna iya rage ji. Mai reno za ta iya tsayawa bayan yaro inda ba ya ganin ta, ta kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, sannan ta kaɗa gwangwani mai tsakuwa ta dama, ta sake ta hagu, ta lura ko ya waiwaya. Wannan ba ya maye gurbin gwajin asibiti, amma ya isa ya sa a tura yaro wurin likita. Akwai kuma gadon da ake iya ginawa a kai. Constanze Schmaling ta bayyana maganar hannu ta kuramen Kano a littafinta na 2000, harshe mai tsarinsa da ya bambanta da wanda makarantun kurame ke koyarwa, wanda ya samo asali daga aikin Andrew Foster a Ibadan tun 1960. Alamun da iyali suka ƙirƙira a gida su ne ya kamata cibiya ta fara koya daga bakin uwa da hannunta.

Shiru na uku na firgici ne. Yaron da ya ga tashin hankali ko ya kwana kan rufin ɗaki ruwa na ƙasa yana iya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya razana idan aka buga ƙofa. Abin da ke taimaka masa shi ne fuskar da ba ta sauyawa, da tsarin yini da ya san abin da ke biye da wane, da nisantar bulala da tsawa.

Shiru na huɗu na yunwa ne. Yaro mai tamowa ba ya da kuzarin wasa. Zaren awon damtse, mai launin kore da rawaya da ja, yana nuna tamowa mai tsanani idan kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya gaza santimita 11.5. An riga an koya wa iyaye mata da dama amfani da shi a Borno, don haka ajiye shi a kowace cibiya ba abu ne mai wuya ba.

Maganin kowane shiru daban ne, kuma yaro ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku. Jerin tambayoyin da UNICEF da Rukunin Washinton kan ƙididdigar nakasa suka fitar a 2016 domin yara 'yan shekara 2 zuwa 4, kan gani da ji da tafiya da riƙe abu da magana da koyo da wasa da ɗabi'a, zai iya zama jagora idan aka mayar da shi Hausa da Kanuri da Shuwa.

5.2 Dokin ƙofa da makewayi

A Agustan 2016 aka samu ɓullar shan inna a Jere da Gwoza, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta 2020. Ainihin ƙwayar ta tafi, amma shanyewar gaɓɓai daga wahalar haihuwa ko shawarar jarirai ko rauni tana nan. Ga yaron da ke rarrafe, dokin ƙofa mai tsawon taƙi ɗaya ya isa ya hana shi shiga, kuma makewayin da ke jiƙe yana nufin ya dafa ƙazanta da tafin hannunsa. Gangaren siminti ko na katako, da kujera mai rami a kan masai, da igiya ko ƙarfen riƙewa a bango, aiki ne da magini da kafinta na unguwa za su gama cikin kwana kaɗan. Cibiyar gyaran gaɓɓai da ƙungiyar ICRC ta buɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020 tana cikin gari ɗaya da waɗannan yara. Abin da ya rage shi ne wanda zai nuna wa uwa hanya.

5.3 Tsangwama

Rahoton UNICEF da International Alert na 2016 ya nuna yadda ake ƙyamar mata da suka kuɓuta daga hannun mayaƙa, da zargin cewa 'ya'yan da suka haifa sun gaji mugun jini. Haka kuma mai farfaɗiya da zabiya da mai sikila suna fuskantar camfe-camfe, har wasu iyaye kan yi barazanar cire nasu 'ya'yan. Mai makarantar da ke rayuwa da kuɗin wata tana jin wannan barazana sosai.

Maiduguri tana da amsar da ta fito daga cikinta. A 2007 Zannah Mustapha ya kafa makarantar Future Prowess da yara 36, daga baya ta riƙa karɓar marayun ɓangarorin rikicin biyu a aji ɗaya, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nansen a 2017. Darasin shi ne cewa cibiya za ta iya yanke shawarar kada laifin uba ya bi yaro cikin aji, kuma jama'a su amince da hakan idan sun yarda da mai jagorancin.

6.0 Shawarwari

1. Hukumar SUBEB ta Borno, tare da Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da Jami'ar Maiduguri, ta shirya gajeren horo da Hausa da Kanuri ga masu reno da malaman Islamiyya da na allo, tare da ziyarar bibiya a ajinsu.
2. Kowace cibiya ta rubuta harshen gidan yaro ranar rajista, ta nemi uwa ko kaka mai jin harshen ta riƙa taimakawa, a kuma biya ta ladan aikinta.
3. A samar da takardar turawa mai sauƙi tsakanin cibiya da asibitin sha-ka-tafi, da Asibitin Koyarwa, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.
4. Duk ginin da ake gyarawa bayan ambaliya a sa masa gangare da makewayin da mai nakasa zai iya shiga.
5. Bulama da lawani da limamai da fastoci su tsaya wa cibiyar da ta karɓi yaron da ake tsangwama, su yi magana a bainar jama'a.
6. Masu nakasa manya na unguwa su shiga kwamitin kula da makaranta.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa doka ta riga ta ba yaron Galtimari haƙƙinsa, kuma asibitoci da ƙwararrun da yake buƙata suna cikin birninsa. Mahaɗin da ya yi rauni shi ne mai reno, wadda aka ɗora wa yara masu yawa da albashi kaɗan ba tare da horo ba. Mataki na gaba ga masu bincike shi ne ƙidayar gida-gida a mazaɓar, domin a san yaran da ke zaune a cikin ɗaki ba a taɓa kai su kowace cibiya ba. Su ne suka fi buƙatar wannan aiki, kuma kasafin kuɗi ba zai tuna da su ba sai an san adadinsu da sunayen unguwanninsu.