Tambayar Da Aka Yi Wa Sinawa A Tsibirin Enjal

A gaɓar yamma ta ƙasar Amurka, cikin ruwan da ke gaban birnin San Faransisko, akwai wani tsibiri ana ce da shi Enjal. Daga shekara ta 1910 zuwa 1940, nan ne gwamnati ta kan sauke baƙin da suka ƙetaro teku daga Asiya, a bincike su kafin a bar su su shiga gari. Waɗanda suka fi shan wuya a wurin su ne Sinawa.

Ga mafarin abin. A 1882 Amurka ta kafa doka ta hana leburorin ƙasar Sin shigowa. An bar ƙofa ga 'yan kasuwa, da malamai, da ɗalibai, da kuma 'ya'yan wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa. A 1898 kuma babban kotun Amurka ya yanke cewa wani Basine, Wong Kim Ark, ɗan ƙasa ne, tun da a San Faransisko aka haife shi. To, sai a 1906 aka yi girgizar ƙasa a birnin, gobara ta biyo baya, ta cinye takardun haihuwa. Nan da nan mutane da yawa suka ce su ma a nan aka haife su, ba kuwa takardar da za ta ƙaryata su. Irin wannan mutum in ya je gida ya komo, sai ya shaida wa hukuma an haifa masa ɗa a can, ko da ba a yi ba. Bayan shekaru sai ya sayar wa wani yaro wannan gurbi, yaron ya ɗauki sunansa. Shi ake kira ɗan takarda.

Ma'aikata sun san da wannan dabara, saboda haka suka tsananta tambaya. Akan zaunar da yaro gaban masu bincike, ga tafinta, ga magatakarda yana rubuta kome. A ce masa, "Gidanku ina ya fuskanta? Taga nawa ke ɗakin da ka ke kwana? Ina a ke ajiye shinkafa? Wa ke zaune a gida na uku cikin layinku?" Sa'an nan a kira uban shi kaɗai, a maimaita masa, a gwada amsoshin. In sun saɓa, ana iya mai da yaro Sin. Mai karatu, gwada kanka: matakala nawa ke ƙofar masallacin unguwarku?

Don haka ba mai tasowa sai da shiri. Dangi su kan aiko da littafin bita, a rubuta asalin gidan kaf, da taswirar ƙauye, da sunayen maƙwabta. Yaro ya yi ta hadda cikin jirgi wajen mako uku, in an kusa gaɓa ya jefa littafin cikin teku. Abin mamaki, har ɗan halal ma sai ya yi wannan hadda. Ubansa ya bar ƙauye shekara goma ko fi, an yi sababbin gidaje, tsofaffi sun rasu. In yaron ya faɗi ƙauyen yadda ya baro shi, sai maganarsa ta saɓa da ta uban. Tilas ya koyi ƙauyen da ke cikin kan ubansa. In kuwa wani abu ya ɓace masa, akan ɓoye 'yar takarda cikin abinci, masu dafuwa Sinawa su kai masa a asirce.

Wani ya yi mako biyu a tsare, wani watanni, waɗansu har kusan shekara biyu suna jiran ƙarar da suka ɗaukaka. Alhali a tsibirin Elis na Niyok, inda Turawa ke sauka, yawanci sa'o'i kaɗan a ke sallamar mutum.

A 1940 gobara ta ci ofishin, aka rufe wurin. A 1943 aka soke dokar, amma Sinawa 105 kaɗai aka yarda su shigo a shekara. Waɗanda suka wuce ta Enjal kuwa suka kama bakinsu, ko 'ya'yansu ba su gaya wa ba, don tsoron kada a tono sunan aro.

Sai a 1970 wani ma'aikaci mai tsaron tsibirin, Alexander Weiss, ya lura da rubutun Sinanci a bangon katako na ɗakin kwana, wanda a ke shirin rushewa. Ashe waƙoƙi ne da tsararrun suka sassaƙa. Aka fasa rushe ginin. Daga nan Him Mark Lai da Genny Lim da Judy Yung, dukansu 'ya'yan waɗanda suka sauka a tsibirin, suka bi tsofaffi gida gida suna tambayarsu abin da suka gani. Aikin bai zo da sauƙi ba, gama mutumin da tambaya ta taɓa tsare shi ba ya marmarin wata. Sai da aka yi musu alkawarin sakaya sunayensu suka buɗe baki. A 1980 aka buga labarunsu tare da waƙoƙin cikin littafi mai suna Island.