Kumburin Ciki Mai Komowa a Ɓeran Masar: Matsayin Ciyawa da Turamen Haƙori

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa kumburin ciki ke komo wa ɓeran Masar bayan an yi masa magani. Ta kafa hujjar cewa iskar da ke taruwa alama ce kawai, tushen ciwon kuwa yana ga ƙarancin ciyawa da lalacewar haƙori.

Gabatarwa

Asalin ɓeran Masar, wato Cavia porcellus, tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, kuma ana kiwonsa don nama daga Peru har tuddan yammacin Kamaru. Narkewar abincinsa ta dogara da sikam, jakar da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba, wadda kan ɗauki har kashi 65 cikin ɗari na abin da ke cikinsa. Ba ya iya amai, don haka da hanji ya tsaya, sai ciki ya cika tim kamar ganga.

Da masu garzayawa ga maganin kashe ƙwayoyin cuta nake jayayya. Mafi yawan bakteriyar da ke narkar masa da abinci suna cikin ajin da fenisilin, amfisilin da kilindamaisin ke hallakawa. Idan suka mutu, bakteriyar Clostridium difficile ta samu fili, ta zuba dafinta, zawo ya biyo baya, sau da yawa har da mutuwa cikin 'yan kwanaki. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hanyar Bincike

An bi rubuce-rubucen likitancin dabbobi kan hanji da haƙori da abincin wannan dabba, aka auna su da juna.

Sakamako

Haƙoransa 20 ne, kuma dukansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Taunar ciyawa da ingirici ce ke goge su. Idan aka mayar da shi kan dusa, hatsi da ragowar tuwo, turamen ƙasa sukan yi tsawo su karkato ciki, har su haɗe a kan harshe su danne shi. Mai kiwo ba zai ga wannan ba, domin can ƙuryar baki abin yake. Abin da zai gani shi ne haɓa ta jiƙe da yawu, dabbar ta ɗauki ganye ta saki, kashinta ya ƙanƙance ya bushe. Cin abinci ya ragu, hanji ya yi sanyi, iska ta taru. A ba ta maganin iska na simetikon yau, kumburin ya dawo mako mai zuwa, tunda haƙorin na nan yadda yake.

Bitamin C na cikin wannan sarƙa. Kamar mutum, jikin ɓeran Masar ba ya haɗa shi. A kan ɓeran ne ma masana Holst da Frølich suka nuna ciwon rashin bitamin ɗin a Norway a 1907. Yana buƙatar kimanin miligiram 10 a kowane kilo kullum, mai ciki kuma har 30. Rashinsa na raunana dasashi da saiwar haƙori, tauna ta zama azaba. Bitamin ɗin da ke cikin abincin kanti kuwa kan lalace cikin wajen kwana 90.

Saboda haka duk kumburin da ya komo sau biyu a leƙa turame, likita ya rage tsawonsu, a ba da maganin zafi irin su meloksikam, a ciyar da sirinji, a bar ingirici a gabansa dare da rana. Kabeji kuma sai kaɗan-kaɗan. Amma cikin da ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri na iya zama murɗewar tumbi. Wannan na hoton eksire ne nan take, kafin a ɗura komai.

Iyakar Bincike

Dole a amsa cewa bita ce wannan, ba gwaji ba, kuma ma'aunin magunguna da dama daga zomo aka aro shi. Akwai kuma kumburin da ƙari ko tsakuwar mafitsara ke haddasawa, wanda gyaran haƙori ba zai taɓa ba.