Dostoyevski a Kan Dandamali

Fiyodor Dostoyevski, marubucin Rasha da aka haifa a 1821 ya rasu a 1881, bai bar wa duniya wasan kwaikwayo ko guda ba, amma an sha ɗora ƙagaggun labaransa a kan dandamali. Dalilin haka yana cikin salonsa: taurarinsa suna gwabza muhawara a ƙuntatattun ɗakuna, lokaci kuma a takure yake, har ma kashin farko na littafinsa "Dolo" ya ƙare cikin yini guda. Shi kansa bai sa rai ga nasarar irin wannan juyi ba. A wata wasiƙa ta 1872 ya nuna cewa zube da wasan kwaikwayo kowanne da tasa hanya.

A 1910 Nemirovich-Danchenko ya gabatar da "'Yan'uwan Karamazov" a gidan wasan fasaha na Mosko. Saboda tsawon labarin, sai ya raba shi dare biyu, ya kuma sa mai karatu a gefen dandamali yana cike giɓin da ke tsakanin fitowa da fitowa. A 1913 gidan ya ɗauko "Shaiɗanu", labarin da ya samo asali daga kisan da wata ƙungiyar 'yan juyin juya hali ta yi wa wani ɗalibi a 1869. Nan take marubuci Maksim Gorki ya fito a jarida yana adawa, domin a ganinsa wasan zai kashe wa jama'a gwiwa. Tun daga lokacin, duk wanda ya kai Dostoyevski dandamali ya shiga fagen siyasa, ko ya so ko bai so ba.

A zamanin Stalin hukuma ta yi wa littattafansa kallon tuhuma. Bayan rasuwar Stalin ne Tovstonogov ya shirya "Dolo" a Leningrad a ƙarshen 1957, inda Smoktunovski ya fito a matsayin Yarima Mishkin, mai gaskiyar da ake ɗauka wawa. A 1959 Albert Camus, haifaffen Aljeriya, ya nuna "Shaiɗanu" a Paris, a kan rubutunsa kuma Andrzej Wajda ya gina nasa wasan a Krakow ta ƙasar Poland a 1971. Yuri Lyubimov kuwa ya kai "Laifi da Hukunci" Landan a 1983, ya soki jami'an Tarayyar Sobiyet a hira da jarida, a 1984 aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa.

Rayuwar marubucin ma ta zama jigo. A 1849 an kai shi filin harbi, aka sassauta hukuncin ana dab da zartarwa, ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk. A 1866 ya shibta wa Anna Snitkina littafin "Ɗan Caca" cikin kwana 26 don kada haƙƙin littattafansa ya faɗa hannun mai ɗab'i, ya kuma aure ta a 1867. Daga wannan aure Edvard Radzinski ya gina wasansa, inda wata tsohuwar 'yar wasa a gidan gajiyayyu take kwaikwayon Anna.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, kowane darakta sai ya zubar da kaso mai yawa na littafin kafin ya samu wasan dare ɗaya. Abin da ya zaɓa ya bari shi ke nuna damuwar zamaninsa, shi ne kuma abin da mahukunta suke sa wa ido.